Bryn Terfel: Ɗan Manomin Da Ya Hana Ni Barci

Jama'a, ku bar ni in yi maganar Bryn Terfel, domin abin ya daɗe yana cin raina. Akwai muryar da za ka ji ka yaba ka wuce, akwai kuma wadda za ta kama ka ta zaunar, ta hana ka tashi sai ta gama da kai. Ta wannan bawan Allah irin ta biyun ce. Shekaru ke nan ina sauraronsa, kuma har yau in na kunna shi da daddare, bayan gida ya yi tsit, tsigar jikina tashi take yi kamar ranar farko.

Waƙar da ta fara kama ni ba ta cikin manyan wasanninsa. 'Yar gajeruwa ce, a cikin faifansa mai suna The Vagabond da ya fito a 1995, shi da mai kiɗa masa fiyano Malcolm Martineau su biyu rak. Wani Baturen Ingila mai suna George Butterworth ne ya sa mata kiɗa, matashin da aka kashe a fagen daga na Somme a 1916, baitocin kuma na A. E. Housman ne. Hira ce tsakanin mamaci da abokinsa da ke raye. Mamacin yana tambaya daga kabari: dawakin da yake noma da su suna nan suna huɗa? Samari na buga ƙwallo a bakin kogi kamar da? Budurwar da ya bari ta daina kuka? Abokin yana amsa masa ɗaya bayan ɗaya, har a ƙarshe mai sauraro ya gane cewa abokin nan shi ya gaje budurwar. Mutum ɗaya ne ke rera duka ɓangarorin biyu. In Terfel ya zo kan muryar mamacin sai ya tsuke ta, ya mai da ta siririya kamar zare, babu jini a cikinta, har sai ka kasa kunne sosai kafin ka ji. In ya koma kan mai rai sai muryar ta buɗe, ta cika, da ɗumi da ƙarfi irin na wanda ya ci ya ƙoshi yana tsaye a rana. Ran da na fara ji sai da na duba bayanin faifan, don na ɗauka mutum biyu ne. Daga baya da na san cewa mawaƙin da ke tambayar labarin huɗar nan ɗan manomi ne da ya tashi cikin tumaki da shanu, sai waƙar ta ƙara shiga raina.

Sunansa na yanka Bryn Terfel Jones. An haife shi ranar 9 ga Nuwamba, 1965, a Pant Glas, wani ɗan ƙauye a arewacin Wales, a gindin duwatsun da mutanen wurin ke kira Eryri. Da harshen Welsh ya buɗe baki, Ingilishi daga baya ya zo. Mutane da yawa suna ɗauka duk wanda ya fito daga Birtaniya Ingilishi ne harshen uwarsa, alhali Welsh harshe ne daban, mai tushe daban, wanda ya sha matsi shekaru aru-aru, har akwai lokacin da ake hukunta yara a wasu makarantu in an kama su suna magana da shi. Ƙidayar 2021 ta nuna masu jin sa a Wales sun ɗan haura dubu 538. Cikin wannan ƙaramar al'umma Terfel ya tashi, kuma al'umma ce da waƙa ta zama mata kamar numfashi: a majami'a, a makaranta, a filin wasan rugby.

Makarantarsa ta farko ita ce abin da suke kira eisteddfod. Gasa ce ta waƙa da karatu da rubutacciyar waƙa, ana yin ta tun daga matakin ƙauye har zuwa babbar ta ƙasa da ake yi kowane watan Agusta, shekara guda a arewa, shekara guda a kudu. Suna jingina asalinta da wani taro da Lord Rhys ya kira a Cardigan a 1176. Yaro yana ɗan mitsitsi za a ɗora shi kan dandamali gaban ƙauye guda, ya rera, alƙali ya yi masa sharhi, ya ce nan ka haɗiye harafi, nan ka yi gaggawar numfashi. Mako na gaba a sake, a wani ƙauyen. Terfel ya yi shekaru yana wannan zagaye yana kwashe kyaututtuka. Ni ina ganin a nan sirrin nasa yake. A eisteddfod ba a yafe maka in ba a ji kalmominka ba, domin masu sauraron sun san baitocin da ka, kuma harshensu ne da suke kishi. Yaron da ya tashi a haka ba zai taɓa ɗaukar kalma abin wasa ba. Shi ya sa ko da wane harshe yake waƙa, Jamusanci ko Italiyanci ko Rashanci, za ka ji kowane baƙi ya fito tsaf, kowane wasali ya zauna daram, kamar mai ƙirga maka kuɗi a tafin hannu. Ba na jin Jamusanci, amma in yana rerawa sai in ji kamar da ni yake magana.

A 1984 ya tafi Landan, makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo ta Guildhall. Ka yi tunanin saurayi ɗan shekara goma sha takwas, dogo ƙaƙƙarfa, daga gonar da tumaki suka fi mutane yawa, an ajiye shi a tsakiyar Landan. Malaminsa na farko Arthur Reckless, daga baya Rudolf Piernay, Bajamushe, wanda ya buɗe masa ƙofar waƙoƙin Jamus irin na Schubert da Schumann. Shekara biyar ya yi a can. Abin da ke burge ni da wannan zango na rayuwarsa shi ne rashin gaggawa. Murya mai kauri irin tasa, wadda ta faɗo tsakanin mafi zurfin muryar maza da matsakaiciya, tamkar itacen kuka take, ba ta girma dare ɗaya, kuma in aka ɗora mata kaya tun tana ɗanya sai ta tsage. An bar shi ya daɗe kan ƙananan waƙoƙi, daga shi sai fiyano, inda babu gangunan da za ka ɓuya bayansu. A 1988 ya ci kyautar tunawa da Kathleen Ferrier, a 1989 kuma ya karɓi lambar zinare ta makarantar. A wannan tsakanin ne ya ajiye Jones daga sunansa, saboda akwai wani babban mawaƙin Wales mai suna Delme Bryn-Jones, kada a riƙa rikita su.

Sai gasar Cardiff ta 1989. Kai! Wannan dare har yau masoya wannan fanni suna labarinsa. Gasa ce da BBC ta fara shiryawa a 1983, a lokacin ana yin ta duk bayan shekara biyu, ana tara matasan mawaƙa daga ƙasashen duniya a zauren St David's. A zagayen ƙarshe na wannan shekarar Allah ya haɗa gwanaye biyu: Terfel ɗan shekara 23, ɗan gida, da Dmitri Hvorostovsky ɗan shekara 26 daga Siberiya. Faifan bidiyon yana nan, na kalle shi ya fi a ƙirga. Terfel ya fito da faffaɗan ƙirji da fuskar yaro, ya ɗauko doguwar waƙar wani la'anannen matuƙin jirgin ruwa ta Richard Wagner, waƙar da manyan da suka shekara ashirin a fage ke shakkar ta. Ya fara ta can ƙasa, a gajiye, kamar mutumin da ya gaji da rayuwa kuma mutuwa ta ƙi karɓarsa, ya yi ta hawa da ita har zauren ya ɗauka. Alƙalai suka ba Hvorostovsky babbar kyauta, Terfel ya tafi da kyautar gwanin ƙananan waƙoƙi. Ba na jayayya da hukuncin, domin mutumin Siberiyan nan a daren ya yi abin da ba a saba gani ba, kuma ya ci gaba da zama tauraro har rasuwarsa a Nuwamban 2017. Amma duk wanda ya kalli faifan ya san cewa sarakuna biyu aka naɗa a daren nan.

Ga wanda bai saba da opera ba, wasan kwaikwayo ne da ake rera kowace magana a cikinsa, daga gaisuwa har faɗa. Mawaƙin ba ya riƙe makirfo, ba a maƙala masa komai a kwala. Tsakaninsa da 'yan kallo akwai rami cike da makaɗa, wani lokaci su kai ɗari, da kakaki iri-iri da goge manya da ƙanana da ganguna. Dole muryarsa ta tsallake su duka ta isa kujerar ƙarshe. Gidan opera na Metropolitan da ke New York yana ɗaukar mutum kusan 3,800. Da huhu da maƙogwaro da ƙashin fuska kaɗai ake wannan aiki, yana tafiya, yana durƙusawa, yana fushi, yana dariya, cikin harshen da ba nasa ba, na tsawon awa uku ko huɗu. In ka riƙe wannan a rai, sai ka san nauyin abin da zan faɗa yanzu.

Daga Cardiff abin ya tafi kamar wutar daji. A 1990 ya fara fitowa da kamfanin opera na Wales a wasan Mozart, Così fan tutte, sannan ya zama Figaro, baran nan mai wayo da ke juya maigidansa. Figaro ya kai shi Santa Fe a Amurka a 1991, ya kai shi Vienna, ya kai shi Metropolitan a 1994, ya kai shi La Scala ta Milan a 1997. A 1992 ya taka dandamalin Covent Garden a Landan, kuma a wannan shekarar ya girgiza bikin Salzburg a wasan Salome na Richard Strauss, inda ya fito a matsayin Jochanaan, fursunan da muryarsa ke tasowa daga cikin rijiya. Yana da shekara 26 a lokacin.

Amma ni inda nake son in tsaya shi ne kan mugaye da tsofaffi, domin a nan ne mutumin ya nuna cewa ɗan wasa ne na gaske, ba murya kaɗai Allah ya ba shi ba. Ku nemi Tosca ta Puccini da aka ɗauka a Covent Garden a 2011, shi da Angela Gheorghiu da Jonas Kaufmann, Antonio Pappano na jagorantar makaɗa. Terfel shi ne Scarpia, shugaban 'yan sandan Roma, azzalumi mai fuska biyu. Ya shigo majami'a da dogon gashi a yamutse, sai yaran da ke tsalle-tsalle suka daskare. Bai ɗaga murya ba tukuna, tsayuwarsa kaɗai ta isa. A ƙarshen kashi na farko jama'a suna ibada, ƙararrawa na kaɗawa, ana harba igwa daga nesa, shi kuma yana tsaye gefe yana saƙa yadda zai rataye masoyin Tosca ya mallake ta. Dubi idonsa a wurin. Dubi yadda yake tauna kalmomin a hankali kamar mai cin nama mai daɗi. Sannan muryar ta tashi ta hau saman ɗaukacin mawaƙa da makaɗa, ta zauna a kansu. Na tsane shi a wannan minti biyar ɗin, tsana ta gaske, kuma na kasa ɗauke ido. Mutumin da ya rera mini muryar mamaci siririya kamar zare, shi ne wannan dodon.

Sai kuma ka juya ka same shi a Falstaff, wasan ƙarshe da Verdi ya rubuta yana dab da shekara tamanin. Tsohon jarumi ne mai ƙaton tumbi, mashayi, matalauci, da ke aika wa matan aure biyu wasiƙar soyayya iri ɗaya, ya ƙare a cikin kwandon wanki an juye shi a kogi. Da wannan wasa aka sake buɗe gidan opera na Covent Garden a Disambar 1999 bayan gyara, kuma Terfel aka ɗora wa nauyin. Abin da ya sa nasa Falstaff ɗin ya fi mini na kowa shi ne bai mai da tsohon abin dariya kawai ba. Bayan an tsamo shi daga ruwa, yana zaune jiƙe sharkaf yana gunaguni kan lalacewar duniya, za ka yi dariya, amma tausayi zai riga dariyar isa zuciyarka.

Wagner kuwa, wanda ya ɗanɗana a Cardiff yana yaro, bai koma masa gadan-gadan ba sai da ya nuna. An yi ta kiransa ya zo ya yi Wotan, uban gidan tatsuniyar Ring, jerin wasanni huɗu da ke cin awa goma sha biyar, ya yi ta jinkirtawa har 2004, yana dab da shekara arba'in, sannan ya fara a Landan. Daga 2010 zuwa 2012 ya yi shi a New York. Ƙarshen wasa na biyu, Die Walküre, shi ne abin da nake komawa gare shi in raina ya yi nauyi. Uba ne da dokar da shi da kansa ya kafa ta tilasta masa ya hukunta 'yar da ya fi so a duniya. Zai kwantar da ita barci a kan dutse, ya kewaye ta da wuta, ba zai sake ganin ta ba. Bayan awanni ana ruri, a nan Terfel ke sauke murya, ya yi sallama da ita a hankali, yana kallon idanunta. Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya, ya tsaya a ƙofar gida yana kallon motar amarya na tafiya, zai gane wannan murya ko bai san kalma ɗaya ta Jamusanci ba.

Kuma uban nan ba a dandamali kaɗai yake ba. A 2007, ana dab da fara cikakken Ring a Covent Garden, wasan da duniya ta zuba ido ta gan shi a ciki, ya janye ya koma gida saboda ƙaramin ɗansa na bukatar tiyata a hannu. John Tomlinson ya maye gurbinsa. Wasu sun yi ta surutu, suna cewa ya ba da kunya. Ni a ranar da na karanta labarin girmansa ya ninka a idona.

Akwai masu sharhin da ke cewa yana cika yin raɗa, yana cika yi wa kowace kalma ado har abin ya yi yawa. Na ji su, kuma ban yarda ba. Masu ƙarfin murya suna da yawa, kowace shekara makarantu na yaye su. Wanda zai iya cika zaure mai mutum dubu uku da ruri, sannan ya sa dubu ukun nan su riƙe numfashi don su ji raɗarsa, shi ne ba a samu ko yaushe. Wannan raɗar da suke kuka da ita, ita ce dukiyar.

Abin da ya ƙara ɗaure ni da shi shi ne yadda duk inda ya je yake jan Wales a bayansa. A 1999 shi da Shirley Bassey suka rera waƙar gasar rugby ta duniya a babban filin wasa na Cardiff. A 2000 ya kafa bikin Faenol kusa da Bangor, 'yar tafiya kaɗan daga ƙauyensu, ya riƙa gayyato manyan taurarin opera na duniya su zo su yi waƙa a fili, a gaban manoma da makiyayan da suka san shi tun yana yaro, kuma ya ware wa mawaƙan harshen Welsh nasu daren. Da lokaci ya yi da zai fara yin Hans Sachs, dattijon mai ɗinkin takalma kuma mawaƙi na wasan Die Meistersinger, ɗaya daga cikin mafi tsawon matsayi da aka taɓa rubuta wa irin muryarsa, kowane babban gida a duniya zai so a ce a wurinsa aka fara. Ya kai shi Cardiff, a 2010, wurin kamfanin da ya fara ba shi aiki shekara ashirin kafin nan. Labarin wasan kansa na gasar waƙa ne a gari, da alƙalai masu ƙirga kurakurai, da dattijon da ya tsaya wa matashi mai sabon salo. Wa ya fi ɗan eisteddfod cancantar wannan riga?

Bai kuma ɗauki kansa ya fi ƙarfin waƙar da talaka ke so ba. Ya yi faifan waƙoƙin Rodgers da Hammerstein, ya yi na waƙoƙin gargajiyar Wales, ya fito a Sweeney Todd tare da Emma Thompson a New York a 2014, ya yi Tevye mai sayar da madara a Fiddler on the Roof a 2015, shekara ta gaba kuma ya koma ya zama sarki Boris Godunov da Rashanci a Landan. An ba shi lambar CBE a 2003, lambar Sarauniya ta kiɗa a 2006, aka naɗa shi Sir a 2017.

Sai ranar 6 ga Mayu, 2023, ranar naɗin Sarki Charles na Uku a Westminster Abbey. Shugabannin duniya sun cika wurin, miliyoyi na kallo a talabijin. Terfel ya tsaya, furfura ta fito masa, ya rera addu'ar neman jinƙai da Paul Mealor ya tsara, da harshen Welsh. Wannan ne karo na farko a tarihi da aka rera waƙa da Welsh a bikin naɗin sarautar Birtaniya. Harshen da aka taɓa dukan yara saboda shi, ga shi yana amsa kuwwa a cikin majami'ar da aka shekara kusan dubu ana naɗa sarakunan Ingila a wurin, daga bakin yaron Pant Glas. Na kalli wurin nan sau uku a jere, idona ya kawo ruwa duk sau ukun.

Don Allah, mai karatu, kada ka ce wannan kiɗan Turawa ne ba naka ba. Ka samu dare mai shiru, ka sa abin sauraro a kunne, ka shiga YouTube ka rubuta Bryn Terfel da Butterworth. Ka fara da waccan hirar ta mamaci da abokinsa, minti huɗu ba ta kai ba. In ka gama, ka nemi Cardiff 1989.